Gilashin ƙofar mota ya sauka daga hanyarsa: abin da ke jawo shi da yadda ake gyarawa a Yaoundé

Duk direban da ya daɗe yana aiki a titunan Yaoundé ya san wannan ƙara. Ana cikin ɗaga gilashin ƙofa sai a ji ƙas, gilashin ya karkace, ko kuma ya zame gaba ɗaya ya ɓace cikin ƙofar. Idan da rani ne, ƙura ce za ta cika motar. Idan da damina ne, kujera za ta jiƙe, fasinja ya ƙi shiga. Da dare kuwa babu mai iya barin mota a bakin titi da taga a buɗe ya yi barci da ido biyu.

A mafi yawan lokuta gilashin bai fashe ba, kuma abin da ya lalace ƙarami ne: maƙalin filastik, ko noti da ya kwance, ko roba da ta bushe. Abin da ke mayar da ƙaramin gyara ya zama babba shi ne ci gaba da danna makunni bayan gilashin ya goce, da kuma sayen kaya kafin a buɗe ƙofar a ga ainihin abin da ya faru.

Unguwar da motocinta

Briqueterie, wadda mazauna birnin ke taƙaita sunanta su ce La Brique, tana cikin gundumar Yaoundé ta biyu, kusa da Tsinga da kasuwar Mokolo da babban zauren wasanni na Warda. Ta samo sunanta daga wurin toya bulo na zamanin Jamusawa, kuma ta daɗe da zama matattarar Hausawa da sauran Musulmin da suka zo daga arewacin Kamaru, Najeriya, Nijar da Chadi. An san ta da babban masallacinta, da teloli, da masu sayar da yadi, da masu gasa naman da ake kira soya.

Motocin da ke kai da kawo a unguwar, tasi masu launin ɗorawa da motocin 'yan kasuwa, galibinsu an yi amfani da su a Turai kafin su iso tashar jiragen ruwa ta Douala. Mutanen Kamaru na yi musu laƙabi da congelé, kamar yadda ake cewa tokumbo ko Beljiyam a Najeriya. Toyota ce ta fi yawa a cikin tasi, musamman tsofaffin Corolla da Carina da Starlet, sai Yaris a baya-bayan nan. Motar da ta shekara 15 ko 20 kafin ta iso, robobin ƙofarta sun riga sun tsufa tun a can.

Tasi a Yaoundé na kwasar fasinja ne a hanya. Direba zai rage gudu, mai jira ya faɗi unguwar da za shi da kuɗin da zai biya ta taga, direban ya amsa da hon ko ya wuce. Ke nan tagar gaba ta hannun dama ita ce teburin cinikin direba. Ana ɗaga ta a sauke sau da yawa a yini, ana kuma buga wannan ƙofa fiye da sauran. Kuɗin da gwamnati ta ƙayyade a 2024 shi ne sefa 350 da rana, wato dala saba'in, don haka yini guda a gareji ba ƙaramar asara ba ce ga wanda zai kai wa mai mota kuɗinsa da yamma.

Yanayin garin ma yana da hannu. Yaoundé na samun damina biyu a shekara: daga tsakiyar Maris zuwa Yuni, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ruwan da ke zuba a shekara ya kai kimanin milimita 1,500. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma jar ƙura ce ke tashi. Ƙurar na shiga cikin robar da gilashi ke bi, ruwa ya biyo baya ya mayar da ita laka, rana ta busar da ita. Garin kuma na tuddai ne, kuma hanyoyin cikin unguwanni da dama suna da ramuka masu girgiza ƙofa.

Abin da ke cikin ƙofa

Gilashin ƙofa ba ya rataye haka kawai. Abubuwa huɗu ne ke riƙe da shi.

Na farko ita ce robar hanya, wadda ake kira coulisse da Faransanci. Doguwar roba ce mai kwari a tsakiya, da laushin gashi-gashi a ciki, ta zagaye bakin taga ta kuma sauka cikin ƙofar ta gaba da ta baya. Gefen gilashi biyu a cikinta suke tafiya.

Na biyu shi ne maɗagin gilashi, lève-vitre. Iri biyu aka fi gani. Akwai mai almakashi, wanda hannuwan ƙarfe ne da ke buɗewa su rufe, da faranti mai haƙora da ake juyawa. Shi ne a yawancin tsofaffin motocin Japan, yana da nauyi amma yana da ƙarko. Akwai kuma mai waya, inda wayar ƙarfe irin ta birkin keke ke naɗe a kan wani kwarkwaro, ta bi ta kan 'yan tayoyin filastik tana jan mazaunin gilashin sama da ƙasa a kan layin ƙarfe ɗaya ko biyu. Shi ya fi yawa a motocin Turai na ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau. Ba shi da nauyi, amma filastik ɗinsa na karyewa idan ya tsufa.

Na uku shi ne mahaɗin gilashi da maɗagi. A wasu motocin maƙalai biyu ne na filastik da aka manna a gindin gilashin, ana ɗaure su da noti. A wasu doguwar kwarya ce ta ƙarfe mai roba a ciki, da ta cije gindin gilashin. A wasu kuma an huda gilashin tun a masana'anta, wani ƙaramin turke na shiga ramin.

Na huɗu shi ne abin da ke ba da ƙarfi: ko hannun murɗawa, manivelle, ko ƙaramin injin lantarki mai aiki da batir na bolt 12.

Dabarar ta tsufa. Kamfanin Brose na garin Coburg a Jamus ya fara ƙera maɗagi mai hannun murɗawa da yawa a 1928, kuma kamfanin Packard na Amurka ya fito da tagar da ke ɗaga kanta da makunni a 1940.

Gilashin kansa yana da hali da ya kamata mai gyara ya sani. Na gaban mota fallen gilashi biyu ne da leda a tsakiya, shi ya sa yake tsagewa bai zube ba. Na ƙofa kuwa, a yawancin motoci, falle ɗaya ne mai kaurin milimita 3 zuwa 5, da aka gasa a zafin da ya haura digiri 600 sannan aka sanyaya shi da iska nan take. Masu Faransanci kan ce masa Securit. Fuskarsa na jure duka fiye da gilashin gida sau huɗu ko biyar, amma bakinsa ba ya son taɓin ƙarfe. Idan bakin ya ɗan ɓalle, duk fallen na iya tarwatsewa ya zama tsakuwa. Ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a goge shi da dutse.

Me ke sa ya goce

Babban dalili shi ne taurin hanya. Idan robar ta bushe ko ta cika da ƙasa, gilashi na tafiya da ƙyar. Maɗagi na tura shi daga ƙasa, gefe ɗaya ya cije, ɗayan ya ci gaba, sai ya karkace ya fita daga kwarin robar. Ƙarfin da ya ƙaru kuma a kan mafi raunin abu yake sauka, wato maƙalin filastik ko 'yar tayar da waya ke bi. Saboda haka wanda ya canza maƙali bai taɓa robar ba, zai dawo gareji ba da jimawa ba.

Sauran dalilan sun haɗa da buga ƙofa da ƙarfi alhali gilashin na rabi, lokacin da samansa ba shi da madogara. Akwai fasinjan da ke jingina hannu a kan gilashi, da yaron da ke rataya a kai, da mai jan gilashi da tafin hannu don ya taimaki injin da ya gaji. Akwai notin da girgizar hanya ta kwance. Akwai ƙofar da aka taɓa bugewa aka miƙe ta a waje, amma layin ƙarfen ciki ya zauna a lanƙwashe. Akwai kuma tsatsa: ƙofar mota an yi ta ne ruwa ya shiga ta sama ya fita ta 'yan ramukan da ke ƙasanta, to idan laka ta toshe ramukan, ruwan zai kwanta ya cinye waya da ƙarfe. Motar da ta taɓa shiga ambaliyar kogin Mfoundi a tsakiyar gari ya kamata a duba ƙofofinta ko da tagoginta na aiki.

Wasu motoci sun yi suna da wannan matsala. Volkswagen Golf ta huɗu, wadda ta bazu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, an san ta da karyewar maƙalan filastik da ke riƙe gilashin gaba, har aka riƙa sayar da na ƙarfe a madadinsu.

Gane matsalar kafin a kwance komai

Kunne da ido na rage wa mai mota kashe kuɗi.

Idan an danna makunni ana jin injin na juyawa amma gilashi bai motsa ba, ko kuma ana iya ɗaga shi da hannu ya sake zamewa, to injin lafiya lau yake. Gilashin ne ya rabu da maɗagi, ko waya ta tsinke.

Idan ana jin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, waya ce ta warware ta cukurkuɗe a kan kwarkwaro, ko haƙoran faranti sun cinye. A nan ake tsayawa. Kowace dannawa na ƙara ɓarna.

Idan gilashin na hawa a karkace, gaba ta riga baya ko baya ta riga gaba, ko dai maƙali ɗaya ya karye, ko gefe ɗaya ya fita daga roba.

Idan yana hawa a hankali yana kuka, ya tsaya a rabi, bayan 'yan mintoci ya sake motsi, hanya ce ta yi tauri. A cikin injin akwai wani maƙatsi da ke yanke wuta idan ya yi zafi, ya mayar idan ya huce.

Idan babu ƙara ko kaɗan, a kunna fitilar rufin mota a danna makunni. In hasken ya ɗan dushe, wuta na isa injin, wani abu ne ya riƙe shi. In bai dushe ba, matsalar ta wuta ce. A fara duba maɓallin da ke kulle tagogin fasinja a ƙofar direba, domin sau da yawa shi aka taɓa ba a sani ba. Idan duk tagogin ne suka mutu tare, a duba fis, wato fusible. Idan taga ɗaya ce, a gwada ta daga makunnin direba da kuma nata makunnin. A ƙarshe a duba wayoyin da ke ratsawa daga jikin mota zuwa ƙofa ta cikin wata robar makogwaro kusa da hinji. Buɗewa da rufewa na shekaru na karya su daga ciki.

Kafin a isa gareji

Idan abin ya faru a hanya kuma ana iya kama saman gilashin, a manna tafin hannu biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, a ɗaga shi a hankali har ya shiga robar sama. Sai a ɗauko salatif mai faɗi a manna daga cikin gilashi, a tsallaka saman ƙofa, a manna ta waje, layi uku ko huɗu. A sa takarda a inda salatif ɗin zai taɓa fenti. Wasu na cusa guntun roba ko kwali da aka ninka tsakanin gilashi da bakin ƙofa, kuma hakan na riƙewa na kwana ɗaya ko biyu. Sukudireba dai ba a cusa ta, domin ƙarfe da bakin gilashi ba sa shiri. Daga nan a gaya wa duk wanda ya shiga kada ya taɓa makunnin.

Idan gilashin ya faɗa can ƙasa, a bar shi. A rufe tagar da leda, a riƙa rufe ƙofar a hankali, a rage gudu a kan ramuka, saboda yana zaune ne a kan ƙarfe.

Yadda ake gyaran

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai baki huɗu da mai faɗi, sifana ko soket mai lamba 10, filaya, tocila, salatif, tsumma da safar hannu. Motocin Turai na buƙatar makullai masu bakin tauraro da ake kira Torx. Safar hannu ba ado ba ce, domin bakin ƙarfen cikin ƙofa yana yanka kamar reza.

Da farko a kashe mota a cire makulli. Wasu motocin, musamman tsofaffin Mercedes da BMW, suna da jakar iska ta kariya a cikin ƙofa. Idan an ga an rubuta airbag a jikin marfin ƙofar, a cire kan batir a dakata 'yan mintoci, kuma kada a taɓa waya mai launin ɗorawa.

Sai cire marfin ciki. Kusoshinsa a ɓoye suke: bayan hannun buɗe ƙofa, cikin ramin da ake kamawa a ja ƙofa, ƙarƙashin allon makunnai, wani lokaci da gefen marfin. Idan taga mai hannun murɗawa ce, yawanci akwai ɗan zoben waya a bayan hannun. Ana zura bakin tsumma tsakaninsa da marfin a ja hagu da dama har zoben ya fito, a kula kada ya yi tsalle ya ɓata. Bayan kusoshi, marfin na riƙe ne da maɓallan filastik da ke zagaye da shi. A fara ɓamɓarowa daga ƙasa da abu mai faɗi da aka naɗe da tsumma, kusa da kowane maɓalli, sannan a ɗaga marfin sama. Kada a fizge shi, domin wayoyin makunni da na hannun ƙofa suna haɗe a baya.

A bayan marfin akwai leda da aka manna da baƙin danƙo. A ɓare ta a hankali, a ajiye. Da yawa kan yage ta su jefar, alhali ita ce ke hana ruwan da ya shiga ƙofa ya jiƙa marfin da lasifika da makunnai. A gari mai damina biyu, ƙofar da ba ta da wannan leda ba ta daɗewa ba ta fara wari da ruɓa ba.

Yanzu a haska tocila a duba kafin a taɓa komai. Ina gilashin yake zaune? Gefensa biyu suna cikin roba? Maƙalansa suna nan? Wayar a miƙe take ko ta yi sako-sako? A laluba ƙasan ƙofar, domin guntayen abin da ya karye a nan suke taruwa, kuma su ne shaida. Yana da kyau a ɗauki hoto da wayar salula, don a tuna inda kowane abu yake.

Idan gilashin ya fita daga roba ne kawai, a kwance notin da suka haɗa shi da maɗagi. Akwai ramuka a jikin ƙofar da aka yi domin haka, sai an kawo mazaunin gilashin daidai da su ake ganin notin. Mutum ɗaya ya riƙe gilashin daga sama, ɗaya ya sa hannu daga ciki. A ɗan sunkuyar da gabansa, a shigar da gefe ɗaya cikin kwarin roba, sannan a miƙe shi ɗayan ya shiga. A gwada ɗaga shi da sauke shi da hannu. Ya kamata ya tafi sumul ba tare da an yi kokawa ba. Idan ya cije a wani wuri, a nan ciwon yake: roba ta naɗe, ko ta yage, ko ƙarfen bayanta ya lanƙwashe ko notinsa ya kwance.

Kafin a mayar da komai a wanke robar da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, tun daga sama har ƙasa, a bar ta ta bushe, a fesa mata man silikon. Baƙin mai da gas da kananzir ba su dace da ita ba: suna kumbura roba, suna kuma kama ƙura. Layin ƙarfe da haƙoran faranti su ake shafa wa giris, kaɗan, bayan an goge tsohon da ya daskare. Idan robar ta tsattsage, canza ta ya fi.

Idan maƙalin da aka manna ne ya rabu da gilashi, a fito da gilashin waje, a kankare tsohon gam, a wanke wurin tas. A manna shi a daidai inda yake a da, domin ɗan kuskure na sa noti ya ƙi haɗuwa da raminsa. Gam ɗin da ake manna gilashin gaban mota da shi, ko gam mai haɗi biyu, su ne ke riƙewa. Ɗan gam mai bushewa nan take da ake sayarwa a teburin bakin titi ba ya jure zafi da girgiza. A bar aikin ya kwana kafin a ɗora masa nauyi.

Idan waya ta tsinke ko ta warware, yawanci ana canza maɗagin gaba ɗaya, a mayar da tsohon injin lantarki a kansa in yana da lafiya. Akwai masu gyara da suka ƙware wajen naɗa sabuwar waya a tsohon kwarkwaro, kuma aikin na yin kyau idan 'yan tayoyin ba su cinye ba kuma tsawon wayar ya zo daidai. A wasu motocin an dasa maɗagin da ribiti ne maimakon noti, sai an huda su da injin huji. Kafin a fara, a ɗaga gilashin sama a ɗaure shi da salatif.

Maɗagi mai almakashi yana da haɗari guda. A jikin da yawa daga cikinsu akwai naɗaɗɗen ƙarfe mai ƙarfin gaske da ke taimakawa wajen ɗaukar nauyin gilashi. Idan aka cire injin ba a tokare hannun ba, almakashin na iya rufewa farat ɗaya a kan yatsa. Ba a sa hannu tsakanin ƙarafan, kuma ba a danna makunni alhali hannun wani na cikin ƙofa.

Wajen haɗawa, a ɗaura notin gilashi sako-sako tukuna, a ɗaga shi har ya shige robar sama ya daidaita kansa, a sauke shi a hankali zuwa ramukan, sannan a ƙara ɗaurewa. Ba a matse su da ƙarfin tsiya. A gwada sau biyar ko shida kafin a mayar da leda da marfi, a kuma zuba ruwa a kan tagar a tabbatar yana fita ta ramukan ƙasa. A motocin da gilashi ke hawa da dannawa ɗaya, cire batir kan sa ya manta iyakarsa. A yawancinsu ana sauke shi ƙasa, a ɗaga shi sama, a ci gaba da riƙe makunnin na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan na da muhimmanci ga mai yara, domin da wannan iyakar ce tagar ke gane ta danne hannu ta koma baya.

Sayen kaya

A Yaoundé, Mvog-Ada ce aka fi sani da kayan gyaran mota, sababbi da na hannu. A Douala kuma Camp Yabassi. Mai karatu a Kano zai nufi Ƙofar Ruwa, na Accra kuma Abossey Okai da ke maƙwabtaka da Sabon Zango. Ko'ina ne, ƙa'idar ɗaya ce: a tafi da tsohon kayan a hannu. Maɗagin gaba daban da na baya, na hagu daban da na dama, na mota mai ƙofa biyu daban da na mai huɗu, kuma Corolla ta Turai ba lallai ta yi daidai da ta Amurka ko ta Dubai ba. A ƙirga bakin wayoyin soket ɗin injin, domin mai biyu da mai shida ba sa musanya.

'Yan kasuwa kan raba kaya gida uku: origine, na kamfanin motar, adaptable, sabo amma na wani kamfani, da occasion, wanda aka ciro daga wata mota. Na hannu mai kyau sau da yawa ya fi sabo mai araha, amma filastik ɗinsa shekarunsa ɗaya da wanda ya karye. A duba wayar ko ta fara tsattsagewa, a juya 'yan tayoyin, a nemi a gwada injin da batir a gaban mai saye, a kuma yi magana a kan mayarwa kafin kuɗi su bar hannu.

Idan gilashin ne ya fashe, a duba hatimin da ke kusurwar wanda za a saya. Na motocin Turai na ɗauke da harafin E da lamba a cikin da'ira: E1 Jamus, E2 Faransa, E6 Beljiyam, tare da 43R. Kada a yarda a yanko gilashin tagar gida a sa wa mota. Ranar haɗari ba tsakuwa zai zama ba, wuƙaƙe zai zama, kuma kusa da wuyan fasinja yake.

Wa za a kai wa

A gareji aikin ya rabu. Matsalar wuta ta électricien ce. Ƙofar da ta lanƙwashe ta tôlier ce, mai miƙe jikin mota. Gocewar gilashi kuwa kowane ƙwararren bakanike na iya yi. Mai mota ya tsaya a buɗe ƙofar a gabansa, a nuna masa abin da ya karye, sannan a yi ciniki, kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban. Ya karɓi tsohon kayansa. Kafin ya tafi ya tabbatar an mayar da leda, an cika maɓallan marfi, hannun buɗewa na ciki da makulli suna aiki. Ya kuma yi tambaya ɗaya: me ya sa ya karye? Bakaniken da ya amsa da nuna robar hanya, ya san aikinsa.

Wasu direbobin kan zaɓi a tokare gilashin da katako daga ciki, ya zauna a rufe har abada. Yana hana ruwa, amma a tasi ya kashe tagar ciniki, kuma idan ƙofa ta ƙi buɗuwa bayan haɗari, an rage wa na ciki mafita guda.

Rigakafi

Sau biyu a shekara ya isa, kuma yanayin Yaoundé ya riga ya tsara lokacin: farkon Maris, bayan ƙurar rani, da ƙarshen Agusta, kafin babbar damina. A wanke robar hanya, a fesa silikon, a zura tsinke a ramukan ƙasan ƙofa. A saki makunni da zarar gilashi ya kai ƙarshe. A rufe ƙofa da gilashi a sama ko a ƙasa gaba ɗaya. Tagogin baya da ba a cika taɓawa ba, a riƙa motsa su ko sau ɗaya a mako. Gilashin da ya fara nauyi ko kuka yana ba da sanarwa ne, kuma a wannan matakin sabulu da buroshi ne kuɗin gyaransa.

Kalmomin da za a ji a gareji

Gilashin ƙofa: vitre
Ƙofar mota: portière
Maɗagin gilashi: lève-vitre
Robar hanya: coulisse
Robar bakin taga mai share ruwa: lèche-vitre
Marfin ciki: panneau de porte
Maɓallan marfi: agrafes
Hannun murɗawa: manivelle
Injin lantarki: moteur
Gaba hagu, gaba dama: avant gauche, avant droit
Baya hagu, baya dama: arrière gauche, arrière droit
Wurin sayar da kayan tsofaffin motoci: casse